Tukuicin da Na Karɓa a Bab Makka

Ku matsa mini in zauna, gwiwar nan ba ta son tsayuwa. Tun ɗazu nake jin ku daga can, wai harkar waya ba sana'a ba ce, a zura shariha a manna gilashi a karɓi kuɗi. Madalla. Ni na yi kusan shekara talatin ina zurawa ina mannawa, har sunan ubana ya ɓace a nan Bab Makka ta Jidda, sai an ce Shu'aibu Mai Shariha, wato mai layin waya, sannan a gane wa ake nufi. Kuma har gobe in mutum ya miƙo mini takardar kamfani sai na gyara zama kafin in buɗe baki. Ku da kuka iya cikin kwana biyu, Allah ya ƙara basira.

Aikina na farko ma ba shariha ba ne, agogo ne. A Ruwais aka haife ni, iyayena sun zo aikin Hajji daga wajen Daura suka yi zamansu, na tashi da Larabci a titi da Hausa a gida. Wannan ya sa Ammu Salim ya ɗauke ni. Wani dattijo ne ɗan asalin Hadramaut, yana da 'yan ɗakunan katako guda shida a nan bayan masu atamfa, kowanne da wayar tarho a ciki. A lokacin in kana son ka ji muryar gida, nan za ka zo ka bi layi. Ni ke danna agogo in mutum ya shiga, ni ke fassara kuɗi in ya fito. A satina na farko wani bawan Allah ɗan Damagaram ya shiga. Ina gida, ina yara, ina gajiya, ya ruwa, ya jikin Goggo, a ba wa wane in gaishe shi. Minti ashirin bai fara faɗin abin da ya kawo shi ba. Da ya fito na gaya masa kuɗin, sai ya jingina da bango, don ladan aikinsa ne na sati guda. Ammu Salim ya karɓi rabi, ya yanke rabi a albashina. Ya ce, "Ya Shu'aib, mutanenka gaisuwarsu tana da tsawo. Ka faɗa musu kuɗin minti kafin su ɗaga, ba bayan sun ajiye ba." Na yi kwana uku ina jin haushin tsohon nan.

Da wayar hannu ta yawaita muka rushe katakon muka sa kanta ta gilashi. Kayan aikina duka gwangwanin alewa ɗaya ke ɗauke su. Allurar buɗe gidan shariha. Ɗan almakashi, don a da shariha babba ce, in mutum ya sayi sabuwar waya sai an rage mata fiffike, kuma in hannunka ya goce ka ci zinaren tsakiya, ka kashe wa mutum layi. Madubin ƙara girman rubutu. Sai kalkuleta mai hasken rana wadda lamba bakwai ɗinta sai an danna da farce. Daga baya aka kawo na'urar basma, aka ce ba mai samun layi sai da iƙama, wato takardar izinin zama, da zanen yatsa. To mutanenmu ina suka ga zanen yatsa? Mai ɗaukar siminti, mai wanke-wanke a gidajen Larabawa, mai lalle har wuyan hannu, duk yatsun sun shafe. Sai in ce wa mutum ya goga babban yatsa a goshinsa ya ɗan sami maiƙo, ya hura masa iska, ya ɗora a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Wannan ba a rubuta shi a littafin kamfani ba, tsayuwa ce ta koya mini.

Cikin waɗanda na sayar wa layi tun farko-farko akwai Hajiya Kande mai masa. Da yawanku kun ci masarta ba ku san labarinta ba. Iƙamarta lafiya lau, kafilarta, wato wadda ta tsaya mata a takarda, wata tsohuwar Balarabiya ce da ta yi wa aiki shekara da shekaru. Amma ɗanta Habibu, shi kaɗai Allah ya bar mata, ba a taɓa yi masa takarda ba. Yana da shekara ashirin da biyu aka kama shi a wani samame aka sa shi a jirgi zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ya kira ta daga Kano sau uku. Na ƙarshe ya ce zaman ya gagare shi, zai bi wasu ta Agadas. Daga nan shiru. Ba shi da lambar kowa a kansa sai tata, don tun yana yaro ta sa ya haddace ta kamar Fatiha. Saboda haka layin nan Hajiya Kande ba ta wasa da shi. Ranar ɗaya ga wata sai ta zo ta sa katin riyal talatin, ko ta kira wani ko ba ta kira ba, don kada a ce an rufe. Wayar, wata 'yar baƙa mai tocila, a ɗaure take da zare a wuyanta. Shekara bakwai tana haka.

Sai shekarar nan ta zo, wadda aka ce duk shagon waya ba mai tsayawa a bayan kanta sai ɗan ƙasa. Ammu Salim ya riga ya rasu, ɗansa Khalid ke riƙe da shagon, shi yana da takardar ɗan ƙasa. Ni da aka haifa tafiyar minti goma daga wurin, aka wayi gari na zama baƙo a kantar da na goge da hannuna shekara goma sha. Khalid bai kore ni ba, Allah ya saka masa. Ya ce in tsaya a waje kamar mai jiran wani, in na ga Bahaushe in shigo da shi in yi tafinta, duk wanda ya sa yatsa a takardar yarjejeniyar kamfani ina da la'ada. Albashi babu. Ga haya, ga kuɗin sabunta iƙamata da ta iyali, ga yara huɗu. Akwai watan da muka ci fulu da burodi safe da yamma har ƙaramar 'yata ta ce ita ta gaji da wake.

A cikin wannan hali kamfani ya kawo talla. Allo ƙato a ƙofar shago, hoton wayar shafa sabuwa dal, an rubuta majjani da jan fenti, kowane harafi ya kai tsawon hannuna. A ƙasa kuma wani rubutu kamar sawun tururuwa. Abin da ke cikinsa shi ne, za a ba ka wayar ba ko sisi, amma layinka ya tashi daga na kati ya koma na fatura, wato takardar biya kowane wata, riyal ɗari biyu, har shekara biyu. In ka fasa a tsakiya, ka biya ragowar kuɗin wayar da tara a kai.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga Hajiya Kande. Ta ce 'yar wayarta ta fara shaƙewa, ƙararta ba ta fita sosai, tana tsoron a kira tana gaban tanda ba ta ji ba. Wallahi da na karɓa na buɗe, ƙura ce da maiƙo, aikin riyal goma. Amma na ga idonta ya kai kan allon.

Ta ce, "Shu'aibu, me mutane ke turereniya a kai?"

Na ce, "Waya ake bayarwa, Hajiya. Majjani."

Ta ce, "Kai, bar ni da majjanin Larabawa, na san shi, kullum da igiya a ƙafarsa. Ni da Hausa za ka faɗa mini. Kyauta ce ko ba kyauta ba ce?"

Kun ji tambaya. Matar da ba ta karatu, amma ta san inda ramin yake, ta kuma nuna mini shi da yatsa. Ni kuwa tun safe ban shigar da kowa ba.

Na ce, "Kyauta ce, Hajiya. Akwai dai ɗan abin da za a riƙa biya a wata."

Ta ce, "Ai dama kowane wata ina sa kati."

Na ce, "To, kusan hakan ne."

Sau uku na'urar basma tana ƙin yatsanta, don tanda ta cinye zanen. Na'urar ma ta fi ni tsoron Allah a ranar. Ni na sa ta goga a goshi, ni na riƙe hannun na ɗora, a na huɗu ta karɓa. Khalid ya miƙo kwali. Hajiya ta juya shi gaba da baya, ta sa albarka ga kamfani da masu kamfani da iyayensu. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta zaro riyal ashirin ta miƙo mini. Ta ce, "Ungo. Yaba kyauta tukuici."

Ku da aka haifa nan, wasunku Hausar ma ji kawai kuke yi, bari in gaya muku nauyin abin. Ba a ba da tukuici a ciniki. Wanda ya kawo maka kyauta shi kake ba wa, kuma in ya karɓa ya shaida ke nan cewa abin da ya kawo kyauta ne, babu komai a bayansa. Khalid ya yi dariya, shi a ganinsa ɗan hasafi ne tsohuwa ta yi mini. Ni na san me ake miƙo mini. Da na ce a'a, da ta tsaya ta sake tambaya. Na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya.

Bayan sati biyu masu bincike suka matsa, Khalid ya ce in ɗan ɓace. Na hau Ɗa'if wajen wani ɗan'uwana mai kayan marmari, na yi wata shida ina ɗaukar kwandon rumman. Kwana biyu da dawowata ta same ni a nan, daidai inda kuke zaune. Ba ta ko amsa gaisuwa ba. Ta ciro 'yar baƙar wayar daga wuyanta ta ce, "Shu'aibu, layina ya mutu."

Ashe wayar shafar ba ta yi mata ba. Hannu da mai, in ta shafa ba ta amsawa. Ta kai tsohuwar wajen wani mai gyara ya share mata, ta mayar da shariharta ciki, sabuwar kuma ta ba wata mai komawa gida daga Umra ta kai wa jikar yayarta tsaraba. Mene ne laifinta? Kyauta ce, ta yi kyauta da ita. Kowane wata tana biyan talatin ɗinta kamar yadda ta saba. Saƙonnin kamfani suna ta shigowa da Larabci, ba mai karanta mata. Da aka hana ta kira ba ta ma lura ba, don ita ba kira take yi ba, jira take yi. Sai da masu sayen masa suka fara ce mata sun neme ta ba ta shiga.

Muka ɗauki tasi zuwa ofishin kamfanin. Ma'aikacin bai yi mana wulaƙanci ba. Ya juyo mana da allon ya nuna bashin wata shida, da ragowar kuɗin waya, da tara, kusan riyal dubu uku. Na ce matar nan ba ta san abin da ta sa wa yatsa ba. Ya ce, "Ba a fassara mata ba ne?" Na ce an fassara. Ya ce, "Wa?" Na ce ni. Ya dube ni, ya mayar da idonsa kan allo. Ya ce saura kwana talatin, in ba a biya ba lambar za ta koma rumbun kamfani a sayar wa wani.

Na sayar da agogona da na'urar narka dalma da na ɓoye tun da aka hana mu tsayawa a kanta. Matan adashinta suka ba ta ɗauka kafin lokacinta. Khalid ya ba da ɗari biyu ya ce halas, shi iyakarsa ke nan. Mai shayi, mai wankin mota, kowa ya kawo abin da ya samu. Amma shekarar ta kowa ce, ba tawa ni kaɗai ba. Sai da muka yi kwana talatin da tara kafin kuɗin su cika. Aka karɓa, aka ba mu rasit, aka ce sunanta ya fita daga bashi. Lamba kuwa ta tafi kwana tara da suka wuce.

A bakin ofishin na zaro riyal ashirin na miƙa mata. Ban san me nake nufi da hakan ba, hannuna ne ya yi. Ta dubi kuɗin ta ce, "Tukuici ba ya komawa." Sannan ta ce, "Kai ka ce kyauta ce." Ba ta ƙara ko kalma ba har muka iso Bab Makka. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Na yi mata sabon layi na kati. Ni kuma na ɗauki al'ada, kullum bayan Azahar sai na kira tsohuwar lambar, murya ta ce ba ta aiki, in kashe. A watannin nan ne na sake salon sana'ata. Na bar ƙofar Khalid na dawo teburin mai shayi da kalkuleta da madubina. Wanda ya ga talla sai ya zo mini da takardar kafin ya sa yatsa, ba bayan ya sa ba. Tambayata ta farko, nawa kake kashewa a waya a wata, tsakaninka da Allah? Sai mu buga faturar sau ashirin da huɗu, mu cire abin da dama zai kashe. Abin da ya rage, shi ne kuɗin wayar da aka ce ba kuɗi. Sannan in ce tashi ka shiga kasuwa ka tambayo nawa ake sayar da ita a kwali. Da na yi wa Hajiya wannan, da mun ga dubu huɗu da 'yan kai za ta biya a kan wayar dubu ɗaya da rabi. Sai tambaya ta ƙarshe, wadda ba ta cikin kalkuleta: in aiki ya tsaya, ko kafili ya juya maka baya, ko aka kira ka gida ba shiri, wa zai ci gaba da biya?

Kada ku ce na ce duk talla zamba ce. Akwai Musa, wani direba ɗan Tawa mai kai kaya gidaje, wanda dama ɗari da tamanin yake ƙonawa a wata, shi da taswirar hanya da kiran masu kaya. Muka buga, ƙarin ashirin-ashirin ne kawai. Na ce masa, "Yalla, je ka karɓa da gudu, kai ne ka ci su." Ya ce, "Wallahi Malam, dakor, na yarda." Abin da na daina shi ne kalmar nan. In an tambaye ni me majjani ke nufi, sai in ce bashi ne da aka naɗe a kwali, wani ya dace da shi, wani bai dace ba.

Wata na biyar, ranar wata Asabar, na danna kamar kullum ina shan shayi. Sai na ji ta shiga. Shayin ya zube mini a riga. Wani ya ɗauka da Larabci karyayye, irin na ma'aikatan Asiya. Sunansa Abdul Karim, ɗan Bangaladash, yana aikin gona can arewa wajen Tabuk, watansa biyu da zuwa ƙasar. Na bi shi a hankali har ya gane. Na ce zan sayi lambar, ɗari biyar, har kuɗin mota ya zo Jidda mu sa yatsa a mayar. Ya ce kafilinsa ba zai bar shi ba, amma ko da zai bar shi akwai matsala. Na ce zan kira shi an jima, na tashi na nufi rumfar Hajiya.

Tana juya masa a tanda na same ta. Na gaya mata, cokalin ya tsaya a hannunta. Na sake kira na buɗe murya ina fassarawa. Na ce masa ɗari bakwai. Ya ce, "Baba, ba kuɗi ba ne." Wai uwarsa tsohuwa ce a ƙauye, ba ta karatu, ba ta da waya, sai ta je shagon wani ta faɗi lamba da ka a kira mata. Sati uku ƙanwarsa ta yi tana koya mata wannan lambar kafin ta zauna mata. In ya canza, bai san ko wata za ta sake zama ba.

Na fara cewa dubu ɗaya, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Me ya ce game da uwarsa?" Na maimaita mata. Ta sauke tandar daga wuta, ta goge hannu a zaninta.

Ta ce, "Bar masa."

Na ce, "Hajiya, in na matsa zai yarda."

Ta ce, "Na ce ka bar masa. So kake a yi mu biyu?"

Sai ta ce in roƙe shi abu ɗaya. In wani ya kira da yaren da bai gane ba, kada ya kashe, ya ba shi sabuwar lambarta. Abdul Karim ya ce wannan mai sauƙi ne, ya rubuta lambar ya karanto mini daidai. Amma ya ce masu kuskuren lamba suna da yawa, ta yaya zai gane wanda ake nufi? Na juya na tambaye ta.

Ta ce, "Habibu ba ya sallama. Tun yana ƙarami nake faɗa da shi a kan haka. Kawai cewa yake, Inna, ni ne."

Na faɗa wa mutumin, ya kasa kamawa. Na sake, ya ce wani abu daban. Hajiya ta ce, "Kawo nan, kai ba ka iya koyarwa ba." Ta karɓi wayar ta kai bakinta, tana rarrabe masa kalma-kalma kamar mai koya wa yaro magana. Sau biyu yana tuntuɓe. Ina jin iskar gona a bayansa. Sannan muryar namiji ta fito daga lambar nan, a fili, babu ko gargada.

"Inna, ni ne."

Hajiya Kande ta ce, "Na'am."